Muna Nema Wa Yajin Inna Suna

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Shekara huɗu ke nan muna sayar da yajin Inna ba tare da suna ba. A tsakar gidanmu a cikin birnin Kano ake haɗa shi, a ƙuƙƙulla a farar leda, yara su zo soro su saya. Barkono, citta, kanumfari, masoro, kimba, daddawa da gishiri. Awon kowanne yana cikin kan Inna, mahaifiyar Ummanmu, sai bara na zaunar da ita na rubuta.

Jiya na kai wa wani mai kanti a titin gidan Zoo ɗanɗano a cikin 'yar roba mai murfi. Ya lasa, ya sake lasa, sannan ya ce, "Hajiya, kayanki ba laifi. Amma in mutum ya saya ya ji daɗi ya dawo, me zai ce in ba shi?" Na tsaya shiru. Ya ce in je in sa masa suna, in nemo lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, zai karɓi dozin biyar na gwaji.

Shi ya sa na buɗe wannan littafi. Mu uku ne a aikin: ni, da Umma, da autanmu wanda ya fi mu sanin kan kwamfuta. Mun ɗibar wa kanmu wa'adi zuwa lokacin baje kolin Kano na ƙarshen Nuwamba.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Bayan la'asar muka shimfiɗa tabarma, kowa ya kawo abin da ke ransa. Sunaye 31 muka rubuta. Na farko-farkon duk iri ɗaya ne: Albarka, Alheri, Nasara, Nagarta, Rahama, Wadata. Umma Albarka take so, ta ce tun da aka fara wannan sana'a ba ta ga komai a cikinta ba sai albarka.

Auta ya buɗe shafin hukumar CAC mai rajistar kamfanoni, inda kowa ke iya duba sunayen da aka riga aka yi wa rajista. Ya rubuta Albarka. Sai ja yake, sunaye suna ta fitowa: masu shinkafa, masu magani, masu sufuri, masu gidan burodi. Alheri ma haka, Nasara ma haka. Waɗannan sunaye addu'a ne, kuma babu mai ƙin addu'a, shi ya sa kowa ya ruga gare su. Sai dai in uwa ta ce wa yaro ya je ya sayo Albarka, mai kanti zai tambaye shi wace. Na ga ran Umma bai so ba da na ja layi a kan nata. Ban ji daɗi ba ni ma, amma na ja.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Kawu ya biyo bayan masallaci, na nuna masa takardar. Malami ne, almajirai yake koyarwa tun kafin a haife ni. Ya sa yatsa a kan guda huɗu masu ɗauke da sunan Allah, irin su Ikon Allah da Masha Allah, ya ce, "'Yar nan, in yaji ya ƙare, ina ake kai robar?" Bola, ko kwata, ko yara su yi ƙwallo da ita. Wannan bai taɓa zuwa mini a rai ba, alhali kullum ina ganin ledoji a cikin lambatu. Na soke su nan take.

Ya ƙara da cewa kada mu zaɓi sunan da ke yabon kai fiye da kima. Ya kawo labarin yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauya sunan Barra, wato mai yawan nagarta, ya mayar da shi Zainab, don kada mutum ya riƙa tsarkake kansa da bakinsa. Da wannan Gagara Gasa da Ba Kamarsa suka fita. Suna linzami ne, in ji shi, inda ka ɗaura shi nan zai ja ka.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Yau ce ranar da ta fi mini nauyi tun da muka fara.

Tun farko abin da nake so a raina shi ne a sa sunan Inna. Ita ce mai yajin. A wajen mahaifiyarta ta koya, ta yi wa amaren dangi da masu jego sama da shekara hamsin ba ta karɓi kwabo ba, sai da ƙarfi ya fara ja baya muka ce a mayar da shi sana'a. Na ga hakki ne a san ta. Kuma ba baƙon abu ba ne a duniyar kasuwanci. Magin da muke jefawa a miya sunan mutum ne, wani ɗan ƙasar Suwizalan da ya kafa kamfanin. Buhun siminti da na sukari a nan gida sunan Ɗangote ne a jiki, ba wanda ya ga aibu.

Na same ta a ɗaki tana jan carbi, na durƙusa na faɗa mata. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Sunan nawa na yanka za ku ba yara su riƙa kira a bakin kanti? A ce a ba ni wance ta ɗari biyu?"

Sai kunya ta rufe ni. Umma tun da take ba ta taɓa furta sunan nan ba. 'Yata ta fari sunan ta ci, shekararta tara, kuma ban taɓa kiranta da shi ba sai da lakabi. In an zo cike takardar makaranta ma miƙa wa babanta biro nake yi. To ni ce kuma zan buga shi a jikin roba dubu, in aika Umma kasuwa ta yi tallarsa da bakinta? Na ɗauko tunanin daga wurin mutanen da ambaton sunan mahaifi girmamawa ne a gare su, na manta a gidanmu ɓoye shi ne girmamawar. Na ba ta haƙuri. Ta dafa kaina ta ce ba komai, ta san nufina.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Na tashi daga makaranta da wuri, na zauna a kantin maƙwabcinmu kusan awa biyu ina sauraron yadda mutane ke neman kaya. Wannan zama ya fi duk abin da na karanta amfani.

Babu wanda ya kira abu yadda aka rubuta shi a kwali. Yarinya ta ce a ba ta makilin, aka miƙo mata man goge baki na wani kamfani dabam, ba Macleans ba, ta karɓa ta tafi. Omo kuwa duk wani garin sabulu omo ne. Magi, indomi, basilin, fanadol, duk haka. Bakin Bahaushe ya karɓi sunan, ya sassaƙe shi daidai harshensa, ya ajiye. Haka aka yi wa Peugeot ta zama fijo, Vespa ta zama basfa. Wani lokacin ma jama'a ce ke raɗa nata ba da izinin kowa ba. Babur mai ƙafa uku kamfanonin da ke ƙera shi suna da sunayensu, amma a Kano Adaidaita Sahu ne, daga shirin gyaran tarbiyya na zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, kuma har yau sunan bai saki ba.

Abu na biyu da na lura: yawancin masu zuwa kantin yara ne. Matar gida ce mai buƙata, amma tana ciki, ɗan shekara shida ko bakwai ne zai ɗauko sunan daga bakin murhu, ya bi lungu da shi, ya tsaya kallon 'yan ƙwallo, sannan ya iso. Duk sunan da ba zai iya kaiwa kanti a bakin wannan yaro ba, ba namu ba ne. Daga yau da wannan zan auna sauran. Na sa masa gwajin ɗan aike.

Litinin, 21 ga Oktoba

Ni malamar Hausa ce. Rabin rayuwata a aji ya tafi ne wajen jan jan biro a ƙarƙashin ɗ da ƙ da ɓ da ɗalibai suka bari ba ƙugiya. Don haka abin da muka yanke yau ya yi mini ciwo.

Sunaye huɗu da na fi so duk masu ƙugiya ne: Ɗanɗano, Ƙamshi, Garɗi, Taɓarya. Auta ya nuna mini cewa sunan shafi a Instagram ba ya karɓar waɗannan baƙaƙe, sai na Turanci zalla da lambobi da ɗigo da ɗan layin ƙasa. Ko da ma ya karɓa, mutum nawa ne ke da su a madannin wayarsa? Kenan dole a cire ƙugiyar. Ƙamshi in ya zama kamshi za a gane, ko da yake kuskure ne. Amma Garɗi fa? Ya koma gardi, mai wasa da kura da maciji. Yajin Gardi! Kamar yadda baƙi ke komawa baki, ƙafa ta koma kafa. Ba zan iya sa hannuna a kan kuskuren rubutu da zai zauna a kicin ɗin mutane shekara da shekaru ba, ɗalibaina suna gani.

Mafitar da na yarda da ita: mu nemo kalmar Hausa tsantsa wadda asali ba ta da ƙugiya, ta yadda ko ina aka rubuta ta daidai ce. Sauran bayanin jikin robar kuwa, kowace ƙugiya sai ta zauna a wurinta. Zan tsaya a kan mai buga sitika har sai ya nemo rubutun da ke da su.

Auta ya kawo shawarar mu ƙirƙiri kalmar da babu ita, kamar yadda Ba'amurken da ya kafa Kodak ya yi a 1888. Muka harhaɗa farkon sunayenmu ta hanya shida. Duk wanda na karanta wa Umma sai ta ce kamar sunan maganin tari. Mun bar wannan.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Saura uku: Lugude, Santi, Dakan Kaka.

Lugude yana da daɗi a baki, har kana jin taɓare biyu suna karɓa-karɓa a cikinsa. Na tambayi mata tara a gidan biki abin da ya fara zuwa musu da jin kalmar. Tsofaffi uku suka ce daka. Sauran shida suka ce luguden wuta. Rediyo ta ƙwace kalmar, kullum sai an ji ta a labarin jirage da daji da mutuwa. Ba na son wannan ya biyo mutum kan akushinsa.

Santi gajere ne, kowa ya san shi. Sai dai da muka duba, masu abincin sayarwa da masu cincin da yawa sun riga mu. A gwajin ɗan aike kuma, yara biyu cikin biyar suka isa da "santsi".

Dakan Kaka ne ya tsaya, kuma yara biyar duk sun kai shi lafiya. Ina son sa don harshen damo gare shi: kaka mai jikoki, ga kaka lokacin girbi, wanda muke ciki yanzu, sabon barkono ya fara shigowa kasuwa. Ya ambaci Inna ba tare da ya kama sunanta ba. Umma ta yi murmushi a karo na farko tun ranar Albarka.

Laraba, 30 ga Oktoba

Dakan Kaka ya faɗi, ta fuska biyu.

Muna da 'yar'uwar Umma da ke aure a Maraɗi. Duk zuwanta sai ta tafi da yaji, wani ta sayar a can, wani ta aika Yamai. Na tura mata sunan ta WhatsApp. Ta maido saƙon murya ta ce, "Ɗiyata, mu Hausawa mun san kaka. Amma a Faransanci kalmar da yara ke kiran kashi da ita ke nan, lafazi ɗaya. In robar nan ta shiga kanti a Yamai, 'yan lakwal dariya za su yi." Da wannan kaɗai ne da na yi jayayya, don Kano ce kasuwarmu ta farko.

Na biyun ya fi ƙarfi, kuma daga bakin Inna ya fito. Ta ce, "Dakan wa? Yaushe rabon da ku daka barkono a gidan nan?" Gaskiya ta faɗa. Tun da ciniki ya ƙaru, barkono da citta inji muke kai su. Daddawa da ƙananan kayan ƙamshi kawai ake sa wa a turmi. In muka rubuta daka, mun yi wa mai saye alƙawarin abin da ba ma yi, kuma kullum aka ambaci sunan an maimaita ƙaryar. Na ja layi.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Takarda ta ƙare, ba suna ko ɗaya. Wata guda ke nan. Robobi 200 da muka sayo suna jibge a ɗakin Umma. Mai kanti ya kira, na ce masa ya ƙara mana haƙuri. Ban buɗe littafin nan ba kwana uku.

Asabar, 9 ga Nuwamba

An yi suna a maƙwabta, aka aiko mana da tuwon shinkafa da miyar taushe da naman rago. Muna ci da Inna a kwano ɗaya, ta kai loma biyu, ta ce wa 'yata, "Ke, ɗauko mini yajin nan. Abincin ya yi, amma ba armashi."

Na ajiye lomar da ke hannuna. Armashi.

Ba ƙugiya. Gaɓa uku. Ba sunan kowa ba ne, ba sunan Allah ba ne, bai ce mun fi kowa ba, bai ce daka ko niƙa ba. Kuma shi ne ainihin aikin yaji. Yaji ba ya ƙosar da kowa, ba a cin sa shi kaɗai. Abinci ya riga ya dahu, shi ƙari yake yi, kamar yadda guɗa ke ƙara wa biki armashi. Kalma ce da nake ji tun ina yarinya, na rubuta sunaye sama da arba'in ba ta zo mini ba.

Ban gaya wa kowa ba sai da na kwana da ita. Dakan Kaka ya koya mini kada in yi saurin murna.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Kwana huɗu muna gwaji. Yara bakwai muka aika daga gidaje uku, mai kantin unguwa yana rubuta abin da kowanne ya ce. Biyar sun ce Armashi. Ɗaya ya manta gaba ɗaya, ya ce yajin gidan su wance. Ɗaya ya ce Almashi.

Wannan na ƙarshen bai ba ni mamaki ba. Musayar r da l a ƙarshen gaɓa tsohon abu ne a Hausa, inda Bakano zai ce harshe, mutumin yamma ya ce halshe. Na san in yajin ya kai Sakkwato ko Maraɗi za a sami masu cewa Almashi, kuma mai kanti zai gane abin da ake nufi. Umma ta ce kada a ji kamar almakashi. Muka gwada ta waya, na kira mutum huɗu na faɗa sau ɗaya na ce su rubuto mini. Duk huɗun sun rubuta daidai.

Na kai shi Sabon Gari wurin wata Inyamura da nake sayen robobi a hannunta, ta faɗa ba gargada. Abokiyar aikina Bayarabiya ma haka, ta ce ba ta san wani mugun abu da ya yi kama da shi a harshensu ba. Daga Maraɗi aka ce lafiya lau. Kawu ya ce ba shi da ja.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Mun zauna da wata lauya, ƙawar matar yayana. Ashe abin da na ɗauka ƙofa ɗaya ce, uku ce.

Rajistar CAC ta sunan kasuwanci ce, ita ke ba ka damar buɗe asusun banki da sunan sana'a. Ba ita ke hana wani buga sunanka a jikin kayansa ba. Mai wannan aikin rajistar alamar kasuwanci ce, a Abuja, ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki da zuba jari. Kayayyaki da ayyuka an kasa su aji 45, kayan yaji suna aji na 30 tare da shayi da gari da zuma. In an karɓi buƙatarka sai a buga ta a mujallar ofishin, a jira wata biyu ko wani zai ce ya riga ka. In ta tabbata shekara 7 ce, bayan nan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Sai ta uku, NAFDAC, wadda ke duba wurin aiki da kayan kansu, kuma tana neman shaidar cewa sunan da ke jikin kaya naka ne.

Ta faɗi wani abu da ya kwantar mini da hankali. Kalmar da ke bayyana kaya kai tsaye, kamar Yaji Mai Daɗi ko Yajin Kano, da wuya a mallaka wa mutum ɗaya, domin duk mai yaji a Kano yana da hakkin faɗin haka. Wadda ke nuni daga nesa ta fi samun shiga. Ta ce tana ganin tamu ta wannan ɓangaren ce, amma sai an bincika rajistar tukuna, kada in buga sitika da yawa kafin amsa ta fito.

Laraba, 20 ga Nuwamba

CAC ta keɓe mana sunan, haɗe da wata kalma da lauya ta ƙara don ya bambanta da na kowa. Keɓewar kwana 60 ce, na lissafa zuwa 19 ga Janairu, dole mu kammala rajista kafin nan. Auta ya kama sunan a Instagram da Facebook a daren nan. Na ce ya kama har da Almashi.

Lahadi, 1 ga Disamba

Baje koli ya wuce mu bana. Na je na zaga a matsayin 'yar kallo, na tsaya rumfunan masu yaji da garin kunu ina karanta abin da suka rubuta a jikin kayansu.

Sitika 20 kawai muka buga na gwaji. Karon farko ƙugiyoyin da ke cikin jerin kayan haɗi suka fito akwati-akwati, na mayar, aka sake. Na biyun ya fito daidai: sunan da ja a sama, nauyi, ranar haɗawa, ranar lalacewa, adireshi, da gurbin lambar NAFDAC a buɗe.

Na manna ɗaya na kai wa Inna. Ta juya robar a hannunta, ta kai kusa da ido, ta ce ita ba ta ga komai ba sai jan zane. Ba ta yi boko ba, amma tana karanta ajami sarai, da shi take gane takardar naira dubu. Ta ce, "Mu da ire-irena fa, wa zai karanta mana?" Ta sa aka miƙo mata alƙalami da tawadar jikokinta, ta rubuta Armashi da ajami a bayan wani kwali, hannun yana ɗan rawa.

Auta ya ɗauki hoton rubutun, ya ce zai iya sa shi a ƙarƙashin na boko yadda yake, da rawar hannun da komai. Umma kuma ta tuna mana maganar bola da kwata: ko da ba aya ba ce, akwai masu ganin baƙaƙen Larabci a ƙasa su ji ba daɗi. Ranar Juma'a in Kawu ya biyo zan nuna masa kwalin. Kafin nan akwai takardun lauya guda biyu da zan sa wa hannu, da hoton fasfo na Umma da ba a ɗauko ba.